Kasuwar da Ta Faɗo Ran Lahadi

A dā kasuwar ƙauyenmu ba ta san mako ba. Kwana huɗu-huɗu take ci, tun kafin ruwan dam ya cinye gungayenmu, wato tsibiran da muke zaune a kai, a maido mu wannan tudu na bakin tafki, ƙasa kaɗan da Wara. Kasuwanni huɗu ne a gefen ruwa, kowace da ranarta: yau tamu, gobe ta gaba, jibi ta tsallake, gata ta ƙarshe, sai a dawo kanmu. Akwai wani babban jirgin inji da ke bin su ɗaya bayan ɗaya. Shi ke kwaso masu albasa da masu banda da masu tukwane daga gungaye, ya sauke su a kwata, matsayar jirage, da hantsi, ya maida su da la'asar. Da yake lissafin huɗu ne, kasuwarmu takan zagaya duk ranakun mako. Wani zubin Talata, wani zubin Juma'a, kusan sau ɗaya a wata kuma ta faɗo Lahadi.

A cikin jirgin nan Inna, mahaifiyata, take zuwa. Ita ba ta yarda ta bar ruwa ba lokacin da aka tashe mu. Akwai wani guntun gungu can tsakiya da ruwa bai rufe ba, nan ta zauna da tsofaffi 'yan'uwanta, tana noman albasa a laka idan ruwa ya ja baya. Addinin kakanni take bi. Kafin ta shiga jirgi sai ta zuba ɗan kunu a gindin dutsen da ke bayan ɗakinta, ta yi 'yar maganarta. Ni kuwa na shiga majami'a shekarar aurena, da farko don bin maigidana, daga baya da zuciyata. Ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Tahi, ɗiyata. Amma duk ran kasuwa in iske ki a kwata." Na kuwa riƙe wannan. Ba ta kwana gidan suruki, ni kuma ga yara ga gona, don haka ranar kasuwa ce kaɗai uwata a wurina.

In kasuwa ta faɗo Lahadi, takan bar wa maƙwabciyar rumfarta albasa, ta hawo tudu ta zauna gindin tsamiyar da ke bayan majami'a, autana a cinyarta. Ba ta taɓa shiga ba. In mun fito sai ta ce, "Waƙa ta biyun nan ta yi daɗi. Ta farkon kuwa kamar ana jan jirgi bisa yashi." Ban taɓa matsa mata ba. Na ce a raina wanda ya kawo ta gindin tsamiya ya san sauran hanya.

Muna cikin jihar Sakkwato a lokacin, ba a yanke Kebbi ba. Soja ke mulki, sai suka ce a yi zaɓen kansiloli ba jam'iyya. Maigidana ya tsaya, ya kuma ci. Shi ne Kirista na farko daga yankinmu da ya zauna a majalisar ƙaramar hukuma. An yi murna a majami'a har mata suka yi guɗa, abin da ba mu saba yi a ciki ba.

Sai dai shekarun nan ba su da daɗin iska. Rediyo ba ta da magana sai ta addini da tsarin mulki, wace kotu za a saka, wace ba za a saka ba. Ana kawo labarin garuruwa na nesa inda aka ƙona wuraren ibada, na wannan ɓangare da na wancan. A wurinmu ba wanda ya ɗaga wa wani hannu. Amma mai shayin kwata ya fara rage muryar rediyonsa in mun zo wucewa, mu ma in muna hirar majami'a a bakin rijiya muka hango wata tafe sai mu koma maganar tsadar gishiri. Maƙwabciyata da ta saba kawo mini naman Salla da hannunta, ta zauna mu yi dariya, a shekarar nan aikowa ta yi. Ba faɗa muka yi ba. Haka kawai abu ya shiga tsakani, kamar ruwan da ke shiga jirgi ba a ga ta inda ya biyo ba.

Wata Asabar da hantsi dattijon majami'armu ya yi sallama. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Shi ya yi shekaru yana zirga-zirga ofis-ofis da takalminsa na taya kafin a ba mu filin da muka gina majami'a. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, na koma gefe ina tsince wake.

"Kansila," in ji shi, "gobe kasuwa."

"Haka ne, Baba."

"Gobe kuma Lahadi. Ka san wa zai yi sujada gobe? Ni da benci. In na ce a ce amin, benci ne zai amsa mini. Mata suna can suna suyar ƙosai, samari suna rumfar burkutu, kiɗan kalangu kuma yana shigowa ta taga har ba ka jin addu'arka."

Maigidana ya yi murmushi. "Sau ɗaya ne a wata, Baba."

"Sau ɗaya a wata ake sayar da ranar Ubangiji, ka ce kaɗan ne? Ɗana, Allah bai ɗora ka kujerar nan don ka ɗumama ta ba. Ka kai magana majalisa a yi doka: in kasuwa ta faɗo Lahadi, a ɗaga ta."

"Baba, ba mu kaɗai muka jefa mini ƙuri'a ba. Masuntan kwata sun jefa, Fulanin ruga sun jefa, mutanen gungu ma sun hayo ruwa sun jefa."

"Sun jefa suna sane da kai wane ne. Su in sun samu kujera kunyar addininsu suke ji? Kai ne za ka ji kunyar naka? Shekara nawa muna raɓe-raɓe a garin nan kamar baƙi?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama maigidana, na gani a fuskarsa. Gaskiya ce kuwa, mun yi raɓe-raɓen.

Bayan kwana biyu muna gona muna cire gyaɗa, na ga ba kowa kusa, na ce, "Baban yara, in yi magana?"

"Yi mana."

"Ranar hutun nan, mu muka ɗaukar wa kanmu ran da aka yi mana baftisma. Inna ba ta ɗauka ba. Mai jirgi bai ɗauka ba."

"Ba hana su ciniki za a yi ba. Ɗagawa za a yi zuwa washegari."

"Washegari jirgi yana kasuwar gaba."

Ya ci gaba da karkaɗe ƙasa daga saiwar gyaɗa. Ya fi ni sanin wannan, a cikin jirgi aka haife shi. Na ce masa ni a ganina bangaskiyarsa ta riga tana aiki a majalisa. Ba shi ne ya tsaya wa Bafulatanin nan da aka so a toshe wa burtali ba, alhali mai gonar ɗan majami'armu ne? Ba shi ne ya sa aka haƙa rijiya a unguwar da ba su zaɓe shi ba? Na ce irin wannan aiki, kujera tana iya ɗaukarsa. Amma a sa mai sanda ya tsare wa Allah ranarsa, ban san inda zai tsaya ba.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "To in na ƙi, da wane ido zan shiga majami'a? Za a ce sun ba ni goro na haɗiye harshena."

Ban ƙara ba. Ba halina ba ne in maimaita magana.

Labari ya riga ni kaiwa wurin Inna, a cikin jirgi ta ji. Ran kasuwar da ta biyo, ta sauko ban ga fara'ar da ta saba ba. Na karɓi kwandonta muka nufi rumfa.

"An ce mijinki zai yi muna doka."

"Ba a yi ba tukuna, Inna."

"Doka," ta ce, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Wancan karon ma doka aka ce. Mutane suka zo da farin jirgi suka shafa fenti a jikin itatuwa, suka ce nan ruwa zai kai, don alherinmu ne. Muka yi ta dariya. Yau da safe bisa kabarin ubanki muka biyo."

Ta shimfiɗa buhunta ta fara kasa albasa. Ba ta sake tada zancen ba, ni ma haka.

Ran da aka zauna majalisa, maigidana ya dawo kafin la'asar. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Na kawo tuwo, bai taɓa ba.

"An ƙi?" na tambaya, ina fatan haka ne.

"An karɓa."

"To mi ya hana ka cin abinci?"

"Tun daga gida na shirya gardama. Ba wanda ya yi gardama. Ina rufe baki wani kansila ya miƙe ya ce magana ta yi kyau, ibada ta fi ciniki, shi ya goyi baya da hannu biyu. Sai dai a haɗa da Juma'a, don su ma masallaci na raguwa ran kasuwa. Aka tafa. Da wane baki zan ce a'a? Ni na buɗe ƙofar."

A majami'a an yi godiya ta musamman. Dattijo ya riƙe hannun maigidana ya ɗaga sama. Da wani ya ambaci Juma'a, sai ya ce, "Wannan tsakaninsu ne. Mu dai mun samu tamu."

Abin bai faɗi rana ɗaya ba. A hankali ya zube, kamar gaɓar ruwa da damina. Duk kasuwar da aka ɗaga, jirgi ba ya zuwa, domin yana can inda lissafi ya kai shi, ba zai karya zagayen kasuwa huɗu saboda ɗaya ba. In ba jirgi ba albasa ba banda. 'Yan Yelwa masu zuwa da mota sarin kaya suka zo sau biyu suka tarar da rumfuna wayam, suka daina amincewa da ranarmu. Da aka ga haka sai aka ce a gyara, a tsayar da kasuwa ran Laraba kowane mako, kowa ya huta da ruɗani. Gyaran nan shi ya ƙarasa ta. Larabarmu ba ta haɗuwa da ranar jirgi sai jefi-jefi. Mai jirgi ya samu wata kwata a wani ƙauye can arewa da mu, ya maida ranarmu can. Inna kuwa ba ta da Laraba a kanta. Ita sunayen kasuwanni ne ranakunta.

Zuwanta ya ragu, ya ragu, har aka yi wata biyu ban sa ta a ido ba. Ni dai ban daina lissafin dā ba. Duk ran da ya kamata a ce tamu ce, sai in tsinci kaina na ɗauki tulu na nufi kwata alhali randa cike take.

Shekara ta zagayo, farkon damina. Wata Lahadi ce, kuma a lissafin dā ranar kasuwarmu. Tun safe zafi ya yi nauyi, ganye ba ya motsi. Majami'armu tana kan tudu, tagar ɓangaren mata tana kallon ruwa. Muna cikin waƙa ta biyu na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin, tafki ya koma launin toka. Masunta duk sun ja kwale-kwalensu tudu. Wanda ya san tafkin nan ba ya wasa da hadarin farkon damina. Itatuwan garuruwanmu na dā suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, in igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ta sauke shi kan kututture ɗaya, shi ke nan.

Sai na hango wani ɗigo baƙi can tsakiya. Na ce tsuntsu ne. Na rufe ido don addu'a, na buɗe, yana nan, ya ɗan ƙara girma. Yakan ɓace a bayan igiya ya sake bayyana. Aka fara wa'azi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da na ga kwale-kwale ne, filafilin tuƙi yana ɗagawa ta hagu sau biyu ta dama sau ɗaya, na san hannun. Na miƙe a tsakiyar wa'azi na ratsa mata na fita, ban ko ɗauki takalmina ba.

A kwata na tarar da masunta sun taru suna kallo, iska ta fara kwasar yashi tana watsa mana.

"Wace mahaukaciya ce wagga?" in ji wani babba a cikinsu, mai farin gemu.

"Innata ce," na ce.

Ya dube ni. Ya naɗe wandonsa, ya kira ƙaninsa suka tura jirginsu mai ɗan inji. Na tsaya ruwa na dukan ƙafafuna. Na ga sun ɓace, na ga sun fito. Ban san abin da na roƙa ba, bakina dai yana motsi. Da suka jawo ta, kwale-kwalenta ya sha ruwa har rabi. Ta zubar da buhunan albasarta a hanya don ya yi sauƙi, kwando ɗaya ya rage, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta.

Na kama hannunta in kai ta gida. Ta zame. Ta ɗora kwando a ka, zane na ɗigar ruwa, ta nufi kasuwa. Ba kowa a ciki sai awaki da suka fake. Ta je rumfarta ta dā, wadda rabin ciyawarta ya zube, ta shimfiɗa buhu ta fara kasa albasa kashi-kashi. Ruwan sama ya sauko.

Mai gadin kasuwa ya fito daga ɗakinsa da sanda a hammata. Ya san ta, ya sha cin albasarta kyauta. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Inna, don Allah. Yau ba a ci. Doka ce, ba ni ba ne."

Ba ta ɗaga kai ba. Can sai ga maigidana da dattijo, da wasu 'yan majami'a a bayansu, an tashi sujada saboda hadari. A al'adarmu suruka ba ta yi wa mijin ɗiyarta magana kai tsaye, shi ma haka. Maigidana ya cire takalmi ya durƙusa a bakin rumfa, cikin ruwa.

"Ɗiyata," in ji Inna, "tambayar mini mijinki. Allahn nan da kuke yi wa waƙa, shi ya ce kada in zauna nan?"

Na juya, ban iya maimaitawa ba. Ai ya ji.

"Ki ce wa Inna," ya ce, kansa a ƙasa, "Allah bai ce da ita ba. Da mu ya ce."

"To wa ya ce da ni?"

"Ki ce mata ni ne."

Dattijo ya matso, muryarsa a tausashe. "Tsohuwa, ba don a cuce ki aka yi ba. Ranar Ubangiji ce, muna so a girmama ta."

Shi ba surukinta ba ne, ta dube shi ido cikin ido. "Na san ranarshi ce. Ai ni ma ina hawowa in ji, daga gindin tsamiya. Ba wanda ya aiko mini mai sanda a lokacin, da ƙafata nake zuwa."

Ruwa na zuba ta ramin rumfa bisa albasar. Ta tattara su ta maida kwando, ta miƙo mini. "Ki yi wa yara miya."

Ranar ce kaɗai ta taɓa kwana gidana, don ba hanyar komawa. Da safe mai farin gemun nan ya ce zai kai ta. A kwata ta riƙe hannun autana ta daɗe, sannan ta ce mini, "Na zo in gani da idona, na gani. Ba ni sake haye ruwan ga. In kina so na, kin san inda nike."

Maigidana ya yi ƙoƙarin warware abin da ya ƙulla, wannan zan shaide shi. Ya je wurin dattijo. Dattijo ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai, amma a fara cire Juma'a, in aka cire Lahadi ita kaɗai mun zama abin dariya. Ya je wurin 'yan'uwansa kansiloli. Suka ce Lahadi tasa ce, in ya so ya janye, amma wanda ya taɓa Juma'a a irin wannan lokaci ya san abin da ya taɓa. Kowa ya riƙe nasa gefen igiya yana jiran ɗaya ya fara saki. Ana haka wa'adinsu ya ƙare, ya dawo gona. Aka yanke sabuwar jiha, aka sake shugabanni, dokar tana nan. Ko da an cire ta ma, jirgi ya riga ya saba da wata kwata.

Ni na koma mai haye ruwa, in na samu masuncin da zai bi ta gungu, kuma ba kullum ake samu ba. Wata shekara sau uku, wata sau biyu. Zuwana na ƙarshe na same ta a ƙofar ɗaki, ido ya fara dushewa. Muka yi hirar albasa da ta yara. Da zan tashi ta ce, "Yi mini waƙa ta biyun nan." Muka zagaya bayan ɗaki, na yi mata, ni kaɗai, a gaban dutsenta. Ta ce a bakin mutum ɗaya ba ta kai yadda take ji daga tsamiya ba.

Da ruwa ya cika a shekarar ta kwanta ciwo. Ba jirgin da zai kawo saƙo. Wata mai sayar da banda ce ta faɗa mini a bakin rijiya, tana zaton na sani, bayan an riga an binne ta.

Yanzu na tsufa, rubutun nan ma da na koya a ajin yaƙi da jahilci da ƙyar nake yin sa. Ina jin samarin majami'a suna cewa in namu ya hau, sai an yi doka kaza da doka kaza don a san muna nan. Ba na yi musu gardama. In sun tambaye ni nakan ce ina so namu ya hau, ya yi gaskiya, ya ji tsoron Allah a kan wanda bai zaɓe shi ba. Amma kafin ya rubuta wa wani abin da mu muka ɗauka da yardarmu, ya leƙa ya ga wa ke zaune a waje, kuma wa ke bayansa a layi da irin tasa buƙatar. Sukan ce, "To, Inna," su yi murmushi, su ci gaba da maganarsu.

Kasuwa tana ci ran Laraba, rumfa kaɗan, a watse kafin azahar. Majami'a kuwa takan cika kowace Lahadi, ba bencin da ke zama shi kaɗai. Tsamiyar tana nan. Ni har yau kusa da taga nake zama, ɓangaren ruwa.